Wa ya taɓa taka fadamar gishiri a bakin teku?

Ɗalibin ilimin tsirrai, daga Ingila:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. A watan Yulin bana malaminmu ya kai mu Stiffkey, a gaɓar Norfolk, wani fili shimfiɗaɗɗe da teku ke malalowa kansa idan ya cika, ya janye ya bar laka. Na taso a kan cewa gishiri na kashe shuka, sai ga ni tsaye cikin ganye kore shar, alhali kowace lita ta ruwan tekun na ɗauke da gishiri kusan giram 35. Masana na kiran irin waɗannan tsirrai halofait, ni dai "masu jure gishiri" na rubuta a littafina, wurin kuma na sa masa "fadamar gishiri".

Kowane tsiro da mazauninsa. Can ƙasa, inda ruwa ke rufewa kusan kullum, Salicornia ce: tsawonta bai fi taƙi ba, ba ka ganin ganye, sai gaɓa-gaɓa cike da ruwa. Na tsinka na tauna, garas-garas, gishiri zau. Dabararta ke nan, ta tara ruwa a jiki ta tsarma gishirin. Mutanen yankin na sayar da ita a bakin hanya, a tafasa a ci da man shanu, a da kuwa ƙona ta ake yi a haɗa gilashi da tokar. Da ka ɗan hau tudu sai Limonium, furenta ya mai da filin ruwan makuba gaba ɗaya. Takalmina ɗaya yana can cikin taɓo har yau, amma ban yi da-na-sanin zuwa ba. Wanda ya taɓa ganin irin wannan wuri ya ba mu labari, ina neman sunayen da za su zauna a bakin Bahaushe.

Hajiya mai fataucin gishiri, daga Tema:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ai ba sai ka je Turai ba. Na daɗe ina sarin gishiri a Ada, bakin tafkin Songor, nan ƙasar Ghana. Ƙasar wurin da rani fari fat take, amma akwai wata ciyawa mai yaɗo, karanta ja, ganyenta ƙanana masu kauri, da ɗan fure ruwan hoda. Ranar da na fara ganinta na ce wa yaron motarmu, "Kai, ga fasa-ƙaba har nan!" Ni da ita nake gane inda zan taka, domin inda ta shimfiɗu ƙasar ta fi riƙe ƙafa.

Ɗalibin:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Daga kwatancenki Sesuvium portulacastrum ce, kuma idonki ya yi daidai da na masana: rabin sunan na biyu daga Portulaca, sunan fasa-ƙaba a wurin masana, aka ciro shi, saboda kamar da suka yi. Fasa-ƙabar teku ke nan, na rubuta.

Dattijo, daga Fot Sudan:
Yaro, ka tuna mini da ƙuruciya. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su nan, ni kuwa a bakin Bahar Maliya na girma. Tsakaninmu da Sawakin akwai filayen da ba ka ganin komai sai wani ɗan kurmi da mutanen nan ke kira adlib. Ganyensa kamar ƙwayar shinkafa, ka matse shi ruwa ya fito. Raƙuma ke kiwonsa idan ciyawa ta ƙare.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne itacen shura, wanda ke tsaye tsamo-tsamo cikin ruwan teku. Saiwoyinsa sama suke ɓullowa daga laka, tsirara-tsirara kamar an kafa alƙaluma, mu kan bi a hankali kada su soke mu. Sai da na girma wani malami ya ce mini da su itacen ke numfashi, don babu iska a cikin lakar. Da hantsi kuwa, ka duba ganyen za ka ga gishiri ya bushe a kai, muna yara har lasa muke yi. Abin da ke ɓata mini rai, wuraren da na sani da duhuwa yanzu sun yi sarari, sara da kiwo sun cinye su.

Ɗalibin:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hanya biyu ke nan ta fito: adlib da Salicornia masu tara gishiri ne, shura kuwa mai fitar da shi ne ta wasu ƙananan ƙofofi a ganye, kamar gumi. Saiwoyin nan me zan kira su?

Dattijon:
Ka rubuta "saiwar numfashi". Idan Allah ya kawo ka nan, ka zo da takalmin roba, mu je da sassafe kafin rana ta yi zafi.