AC ɗin Sienna yana shanye gas, ta ina zan fara neman yoyon?

Baban Ummi: Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Sienna ce 'yar Kwatano, duk sanda aka zuba mata gas sanyi kamar firji amma kafin sati biyu sai iska kawai take hurowa. Mai gyaran ya duba gaba ya ce kondensa (mai huce zafin gas a gaban mota) lafiya kwamfuresa (famfon da ke tura gas ɗin) lafiya, wai in ƙara zuba gas mu gani. Ga zafin nan ga yara a baya

Oga Mai AC: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ƙara zuba komai tukun, kuɗinka kawai kake busawa a iska. Motocin nan masu AC biyu irin su Sienna da Hummer bas akwai bututun alminiyam guda biyu da suka taso daga injin suka bi ƙarƙashin mota har baya, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, kuma yawancin yaran nan ba sa leƙa wajen don sai an shiga rami. Ita wadda ta zauna a Kanada ko arewacin Amurka gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke cin bututun, musamman daidai inda ƙarfe ya maƙale shi a jikin mota, a nan ruwa da laka suke kwana. Daga waje za ka ga fes, sai an kwance maƙalin ka ga wajen ya yi fari yana gari.

Direban Hummer: Gaskiya ne oga. Kuma a duba inda ƙura ta manne ta yi baƙi da maiƙo, gas ɗin tare da man kwamfuresa yake fita, duk inda ya tsiyaye sai ya kama ƙura. Tawa a joyin ɗin kusa da tayar baya aka samu, 'yar robar da ke toshe joyin ce kawai ta bushe

Baban Ummi: To shi ya ce ya yi bakum, wato ya zuƙe iskar cikin layin da inji, allurar geji ba ta motsa ba, shi ya sa ya ce babu yoyo

Oga Mai AC: Bakum ba ya kama komai da komai Alhaji. Shi zuƙowa yake ciki, wani lokacin sai robar ta matse ta toshe ƙofar da kanta, da an zuba gas ya turo waje sai ta buɗe. Abin da za a yi, a cika layin da iskar naitirojin, matsin ya kai kamar 150 psi a geji, a rufe geji a bar shi, in da hali ya kwana. In allura ta sauka akwai yoyo, daga nan sai a kaɗa ruwan omo a bi joyin ɗaya bayan ɗaya har baya, a yi haƙuri don ƙaramin yoyo sai an jira kafin kumfar ta taso. Kuma don Allah ban da iskar mai faci, ruwa ne a cikinta, ban da oksijin na masu walda, shi in ya haɗu da mai fashewa yake.

Injiniya KD: Ni dai kala na fi yarda da ita, wannan koren ruwan da ake haɗawa da gas. A yi kwana biyu ana hawa motar ana kunna na baya, da dare a haska da fitilar UV za ka ga wajen yana sheƙi. A haska har tiyon da ruwan AC na baya yake ɗiga, in ya yi kore to ibaporeta ta baya, wato wadda ke fitar da sanyin, ita ce ta fashe, sai an cire robar gefen but.

Oga Mai AC: Haka ne amma in gas yana ƙarewa a sati biyu ai yoyon ba ƙarami ba ne, kumfa ma za ta nuna shi, ba sai ya sake sayen gas don kala ba.

Hajiya Mai Sharon: Mu fa toshe na bayan aka yi mana gaba ɗaya muka huta, na gaba yana yi

Injiniya KD: Hajiya wannan dabara ce in aljihu ya yi ƙasa, amma Sienna doguwa ce, na kujerar ƙarshe a watan Afrilu sai dai fifita. Kuma wanda ya toshe ya rage gas ɗin da yake zubawa, adadin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet na AC biyu ne.

Baban Ummi: In bututun ne ya huje fa, walda ko sabo?

Oga Mai AC: In wuri ɗaya ne walda tana riƙewa wajen wanda ya iya alminiyam, amma in gishiri ne ya ci to ka toshe nan gobe can ya ɓalle. Ka leƙa kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka nemi na Beljiyam mai kyau ka duba wajen maƙalan kafin ka biya, ko a haɗa maka tiyon AC a maye gurbin wajen. Robobi a sa sabbi koraye a shafa musu man kwamfuresa, a sake gwada naitirojin, a yi bakum na rabin awa, sannan a zuba gas ɗin AC na mota, R134a, a auna shi da sikeli, kar ka yarda a zuba maka gas ɗin firji don ya fi araha.

Direban Hummer: Ka je da safe Alhaji, in ba haka ba za ka tarar da layi a ramin