Masauki a Agadas: cikin tsohon gari ko wajen filin jirgi?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina shirin kai mahaifiyata Agadas lokacin bikin Bianu, bikin gargajiya da ake yi a garin duk shekara, amma batun masauki ya gagare ni yankewa. Ita ta fi son tsohon gari, kusa da fadar Sarkin Abzin da babban masallacin nan mai hasumiyar laka mai tsawon mita 27, domin ta riƙa takawa zuwa salla. Sai dai tana fama da ciwon gwiwa, ga lungunan can matsattsu, ga ganguna har dare. Ni kuwa hankalina ya karkata wajen filin jirgin Mano Dayak, inda mota ke isa ƙofar gida. Don Allah waɗanda suka san garin, wace unguwa ce ta fi dacewa da dattijuwa, wadda ruwa da wuta ba sa yawan yankewa?