Na'urar karanta littattafai: Kindle ko Kobo mai fitila don karatun dare, wacce zan saya?

Maman Ilham, Agege: Salam ƴan'uwa, shawara nake nema don Allah. Ɗaki ɗaya muke kwana da maigida da jaririya, shi kuma da asuba yake fita kasuwar Mile 12, in na kunna ƙwan ɗaki ya farka, in na karanta a waya idona ya yi ta ruwa. Kuɗina bai wuce dubu 150 ba, kuma yawancin littattafaina PDF ne na makaranta, sai na Hausa da ake turowa a WhatsApp. Wanda ya taɓa riƙe irin na'urar nan ya faɗa min gaskiya.

Sadiq Obalende: Ki sayi iPad kawai ki huta Hajiya.

Anti Bilki: iPad a dubu 150? Kuma ai haskenta irin na waya ne. Maman Ilham ni Kindle Paperwhite ce da ni. Fitilarta ba daga bayan gilashi take dukan ido ba, ƙananan fitilu ne a gefe suna haska shafin, kina iya rage su sosai na kusa da ke ba zai ma sani ba. Ta 2021 tana da haske mai ruwan ɗorawa na dare, caji kuwa sai ki yi makonni. Amma PDF akwai wahala, gilashin inci 6.8 ne, rubutun sai ya fito ƙanana ki yi ta ja kina matsarwa. EPUB, wato tsarin fayil ɗin littafi da rubutunsa ke bin girman gilashi, ya fi zama daidai.

Baban Khalifa: Ni dai ku guji tokumbo, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, wallahi. Na saya wa ɗiyata Kindle a wani shago, yaron ya kunna min komai lafiya har fitilar, na biya na taho, mun zo gida za mu yi rajista ta ƙi, ashe mai ita na asali ya kai rahoton ta ɓace an toshe lambarta. Na koma da rasit a hannu ya ce ba kayansa ba ne, maigidansa ya ce in kawo shaida, ƴan kasuwa suka taru kowa na cewa Alhaji a yi haƙuri. Kuɗin mota kaɗai daga Alaba Rago abin da ya ci ya isa. Yarinyar kuka ta yi ta yi, har yau abin na cina.

Sadiq Obalende: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Nawa ka saya?

Baban Khalifa: Dubu 95.

Ummi Idi-Araba: Kai, ai ni sabuwa a kwali aka ce min dubu 280 a Computer Village.

Nura Mai Waya: Ƙarya ne, 210 ake ba da ita, sana'ata ce.

Anti Bilki: Malam Nura kai sayarwa kake yi, ka taɓa karanta shafi goma a cikinta? A bar masu amfani da ita su yi magana.

Nura Mai Waya: To waye kuke kawo wa in ta lalace?

Sadiq Obalende: Hajiya ki sayi tocila ta ɗaurawa a goshi, sauran kuɗin ki ba maigida ya ƙara jari 😂

Ummi Idi-Araba: Ku da kuke da wutar caji ma kenan. Mu an ce an sa mu a Band A, rukunin da aka ce ya fi samun wuta, kuɗin mita ya ninka, amma fanka sai ta kwana ba ta juya ba, ga sauro ga zafi.

Baban Khalifa: Mu taransfoma ce ta ƙone, an tara kuɗi gida-gida har yanzu shiru. Wa za a kai wa ƙara?

Maman Ilham, Agege: Allah ya kyauta. Amma don Allah Kobo fa, ba wanda ya taɓa gwada PDF a kanta?