EFW ɗin takardar sikanin: me za mu kira shi da Hausa?

Assalamu alaikum. Masana Hausa da abokan aikin ɗakin awo, ku taya ni neman kalma. A takardar sikanin ta mai juna biyu akwai haruffa uku, EFW, da lamba a gabansu, misali 3,200g. Nauyin da ake jin yaron da ke ciki ya kai ke nan. A ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura, mace kan dawo daga gari da takardar a ninke cikin katin awo, ta miƙo ta ce, "Anti, me aka gani?" Sai mu ce mata an auna yaro, kilo uku da ɗoriya. Wannan "an auna" ɗin ne bai kwanta mini ba.

Ba wanda ya ɗora yaron nan a sikeli. Mai sikanin yana auna faɗin kai da kewayensa, da kewayen tumbi, da tsawon ƙashin cinya, na'ura ta haɗa su ta fito da lamba. Lissafin da aka fi amfani da shi na Hadlock ne, wani likitan Amurka da ya fitar da shi tare da abokan aikinsa a 1985. Yakan kauce da kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa, wani lokacin har 15. Idan takarda ta ce 3,800g, ana iya haihuwar yaro mai 3,400g, ana iya haihuwar wanda ya haura kilo 4. Kilo 4 kuwa shi ne inda ake fara cewa yaro ya yi girma, kamar yadda ƙasa da 2,500g ake cewa bai kai ba.

Mu da ba mu da na'ura, tef ne abin aikinmu, irin na tela. A ja shi daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, a sake zagaya ciki da shi daidai cibiya, a ninka wannan da wancan. Likitocin Najeriya ne, Dare da abokan aikinsa, suka wallafa wannan hanya a 1990. Tsawo santimita 36, kewaye 92, ya ba da 3,312g. Ɗauki wannan 36 ɗin ka bi tsohuwar hanyar wani likita mai suna Johnson, wato a cire 12 idan kan yaro bai sauka ba, a ninka da 155, sai ka samu 3,720g. Mace ɗaya, gado ɗaya, tazarar gram 400. Ta yaya zan kira wannan awo?

To, bayan na yi wannan tambaya, shawarwari sun shigo, na gode.

Wata babbar yayarmu a aiki, daga wajen Gumel, ta ce a bar shi "awon nauyin yaro" tunda mata sun saba da awo. Yaya, da girmanki, sabon nan ne matsalar. Awo a bakin matanmu ya riga ya zama sunan zuwa asibitin gaba ɗaya, kuma duk abin da aka auna ana ɗaukarsa magana ta ƙare. Mace ta ji an auna yaronta kilo huɗu, sai tsoron aikin tiyata ya kama ta, uwar miji ta ce a rage mata tuwo, a hana ta kunu da fura kada yaro ya ƙara. Ga ta dama jininta bai cika ba. Alhali abin da ya kamata a yi da irin wannan lamba shi ne a gwada ta ko tana da ciwon suga, a kuma shirya haihuwa a babban asibiti.

"Hasashe" na ajiye shi gefe, don abin da bai zo ba ake hasashe, kamar ruwan sama ko zaɓe. Yaron nan yana nan da nauyinsa a yau, ganinsa ne ba mu yi ba.

Matasa da yawa sun zaɓi "kintace". Yana da daɗi a baki, amma ku gwada shi a kunnen maigida. Ka ce masa mun kintaci yaron ƙarami ne, ya nemi kuɗin mota a kai ta asibitin Jahun ko na Birnin Kudu, zai ce in kintace ne ai ungozomar unguwa ma ta iya, kuma ita ba ta karɓar ko sisi sai sabulu. Ƙaramin yaro kuwa ba abin wasa ba ne, sau da yawa hawan jini ne ko zazzabin cizon sauro ko ƙarancin jini a bayansa.

Wani dattijon malami daga Ɗambatta ya kawo "ƙiyasi". Allah ya gafarta Malam, nan ne hankalina ya tsaya. Ya ce manomi kan tsaya bakin gonar gero kafin girbi ya ce dami hamsin za a ɗaure: bai ƙirga ba, amma ya dubi zangarniya, ya san faɗin gonarsa, ya tuna bara. In aka samu arba'in da bakwai ba mai ce masa maƙaryaci, kuma a kan maganarsa ake gyara rumbu. Kalmar tana ɗauke da lissafi, ta kuma bar wa kuskure ƙofa.

Saura sunan mai nauyin. "Jariri" sai an haife shi. "Ɗan ciki" wani ya ce sai ka ce ƙanin 'yar ciki ta ƙasan babbar riga, na yi dariya na janye. "Ɗan tayi" shi ne daidai a rubutu, amma ban taɓa jin wata mai ciki a ƙauye ta kira nata da shi ba, yaro kawai suke cewa, ko da mace ce.

Don haka a allo da takardun wayar da kai zan rubuta "ƙiyasin nauyin ɗan tayi". A ɗakin awo kuma zan ce, "Hajiya, ƙiyasin nauyin yaronki kilo uku ne, yana iya ɗarawa, yana iya gazawa kaɗan." 'Yan Haɗejiya da Kazaure, ku gwada shi ranar awonku ta wannan makon, ku faɗa mini ko matan sun gane ba tare da ƙarin bayani ba.