Batirin jirgin kulob ɗinmu ba ya kai yamma

Bakano_a_Jamus: Salam jama'a, jirginmu mara inji ne, batir 12V 7Ah ke riƙe rediyo da FLARM (na'urar gargaɗin karo da wani jirgi) amma kafin la'asar ya mutu, meye matsalar don Allah?

Mai_Waya: Malam kuna barinsa kwana ba caji ko? Irin na dalma in ya zauna a sauke lalacewa yake, ku ciro shi ku jona daren ranar, da safe mita ta nuna wajen 12.7V.

Ummu_Sadiq: Gaskiya ne, kuma ku manna wa kowane batir lamba, wanda ya kumbura a cire shi. In kun koma batirin lithium irin LiFePO4 sai da cajarsa daban, kar a yi masa caji cikin sanyin ƙanƙara.

Bakano_a_Jamus: Na gode, fis ɗin da ke yanke wuta in ta yi yawa fa, a ina za a sa shi?

Mai_Waya: Dab da kan batirin.