Wanne babban babur na hannu ya dace da doguwar tafiya?

Abubakar: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ana neman shawara kan babban babur na hannu wanda zai ɗauki mutum biyu da kaya daga Kano zuwa Abuja, wani lokacin har Legas. An ga guda uku: Honda VFR800 na 2005, Yamaha FJR1300 na 2008, da Suzuki Bandit 1250S. Wanne za a ɗauka?

Alhaji Nasiru: Wa alaikumus salam. In da goyo da kaya, FJR ne. Ba shi da cen, furofela ke juya tayar baya, don haka babu zancen ɗaure sarƙa ko shafa mata mai a hanya. Tankinsa lita 25, ya wuce kilomita 300 hankali kwance, gilashin gaba kuma da maɓalli ake ɗaga shi. Waɗanda aka ƙera kafin 2006 suna dafa ƙafa da zafin inji, na 2008 an rage wannan matsalar. Aibinsa nauyi: da mai a ciki ya kusa kilo 290, a yashi ko cunkoso sai mai ƙarfi. Ka tabbatar yana da hannun kuloci. Akwai samfurin da na'ura ke kama masa kuloci, shi kam ka bar shi, masu gyaransa ba su da yawa.

Malam Isa bakanike: Gaskiya ne Alhaji. VFR ɗin ya fi daɗin sarrafawa a kwana, amma sai an yi masa binciken caji sosai, don a nan ciwonsa yake. Malam Abubakar, ka tafi da mitar auna wuta. Babur a kashe, batir ya nuna kusan volt 12.6. Ka tayar, ka kai allurar juyin inji 5,000, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya gaza 13 ko ya haura 15, rektifaya (na'urar da ke daidaita wutar caji) ko kwayil na ciki da ke samar da wutar ya fara mutuwa. Sannan ka lalubo soket mai wayoyi uku rawaya da ke fitowa daga inji, ka zare shi ka duba. In robar ta yi baƙi ko ta narke, to zafi ya riga ya ci wurin, kuma irin wannan ne ke ajiye mutum a daji da batir babu wuta.

Na biyu, VFR na 2005 yana da VTEC, wato tsarin Honda da ke buɗe ƙarin bawul in juyin inji ya yi sama. Duba bawul ɗinsa a kusan kowace kilomita 25,000 aiki ne mai cin lokaci da kayan aiki na musamman, shi ya sa masu shi da yawa ke tsallakewa. In babu takardar da ta nuna an yi, ka lissafa kuɗin aikin cikin ciniki.

Sadiya: Ni Bandit zan nuna masa. Injinsa ba shi da rikici, yana ja tun daga ƙasa ba sai an matsa masa ba, kuma ko ya faɗi robar da za ta fashe kaɗan ce. Tankinsa dai lita 19 ne, iska kuma za ta fi dukan ƙirji. Kujerarsa ta baya ba ta kai ta FJR ba, wannan a yarda.

Abubakar: Na gode. FJR ɗin mita ta nuna 61,000. Bai yi yawa ba?

Alhaji Nasiru: Ka fara duba mil ne ko kilomita. Na Amurka da Ingila da mil suke ƙirga, mil 61,000 kuwa kusan kilomita 98,000 ke nan. Ko hakan ba abin tsoro ba ne ga wannan injin in an kula da shi. Tsufan gaskiya a robar matakin ƙafa da farantin birki ake ganinsa. Ka shafa bakin farantin da farce, in ka ji tudu mai kauri alhali mita na nuna tafiya kaɗan, an taɓa mitar.

Malam Isa bakanike: Ko wanne za ka gani, ka ce kada a tayar kafin ka zo. Ka taɓa salansa da hannu ka ji sanyi, don inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Bayan ya tashi ka bar shi a tsaye har fanka ta kama da kanta. In zafi na ta hawa fanka shiru, ko ka tarar da ruwan famfo mai tsatsa a lagireto, akwai aiki. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga kumfa fari kamar madara, ka bincika ko ruwa na shiga. Ka ɗaga babur ɗin a kan jak na tsakiya, wani ya danne baya, ka juya kan hagu da dama a hankali. In ya ɗan maƙale a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Ka matse shokozoba na gaba sau biyar ka shafa sandar, kada ka ji danshin mai. Sai ka haska cikin tanki da tocila: tsatsa na toshe matatar famfon mai, babur ya riƙa shaƙewa in an buɗe masa wuta.

Garba mai taya: A ƙara da taya. Dukkan ukun girman tayarsu 120/70 a gaba, 180/55 a baya, rim 17. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, misali 2318 na nufin mako na 23 na 2018. In ta wuce shekara biyar a canza ko da zanenta na nan, robar ta bushe. A karkaɗa rim ɗin ma a duba, ramin hanya na lanƙwasa shi.

Sadiya: Ga masu cen kuma, a ja sarƙar daga bayan farantin haƙora na baya. In rabin haƙori ya bayyana ta gama aiki, kuma tare da faranti biyun ake canzawa. Baƙin mai a sa mai tambarin JASO MA, na mota yana sa kuloci santsi.

Alhaji Nasiru: Kafin kuɗi su fita, lambar casis mai harafi da lamba 17 da ke jikin wuya ta yi daidai da ta takardar kwastan. Ka nemi makulli biyu, musamman in Honda ɗin mai HISS ne, wato tsarin hana sata da ba ya barin inji ya tashi sai da makullinsa na asali, don in duka suka ɓata sai an sauya ƙwaƙwalwar babur.

Abubakar: Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar za a fara da FJR ɗin, da mita da tocila. Malam Isa, in caji ya nuna 13.2 fa?

Malam Isa bakanike: Ka kunna babbar fitila ka sake aunawa. In ya ci gaba da sauka, a cire kuɗin rektifaya daga farashi kafin a yi sallama.