Wane ne ya san tirilobit? Ina da ɓallin dutse biyu

Sani (Garwa): Salamu alaikum jama'a. Kawuna direba ya kawo min duwatsu biyu. Ɗaya a gefen Figil ya tsince shi, ɗayan kuma a hannun wani ɗan kasuwa ya saya, wai daga Maroko. Duka ɓalli ne, akwai layi-layi a jiki. Ta yaya zan gane ko tirilobit ne?

Malam Bukar (Njamena): Wa alaikumus salam. Sani, kafin ka dubi siffa, tambayi inda dutsen ya fito. Tirilobit dabbar teku ce, ta bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ta ƙare kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, yanzu sai burbushinta ake samu cikin dutse. Duwatsun kwarin Baburi zuwa Figil na zamanin Kiretase ne, lokacin dinoso, tirilobit ya daɗe da shuɗewa. Abin da ake samu can kifi ne da ƙananan halittu masu ɓawo. Na Figil ɗin cire shi daga lissafi.

Hajiya Asabe (Marwa): Ɗana, na Marokon ma yi hattara. A garuruwan Alnif da Erfud na Maroko ana haƙo na gaske da yawa, amma ana zuba na roba a manna kan dutse. Gasa allura ka taɓa ta bayansa, in ya narke ko ya yi wari, roba ce. Ƙananan ramukan iska ma alama ce.

Sani: Na taɓa, Hajiya, bai narke ba. Amma babu kai, babu ido.

Malam Bukar: Hakan ma ya fi kwantar min da hankali. Dabbar tana saɓa ɓawonta tana girma, don haka yawancin abin da ake tsinta guntu ne: kai daban, wutsiya daban. Cikakke sumul shi ne abin zargi. Jiƙa shi da ruwa kaɗan, haska tocila daga gefe. Nemi tudu a tsakiya, da ɓangare a dama da hagu. In layukan haɗe suke cikin faranti guda mai zagayen baki, kuma tudun yana siriricewa zuwa ƙarshe, wutsiya ce. Ƙidaya zobban tudun, da su ake rarrabe iri.

Idi: Mu nan Chadi fa, babu ne?

Malam Bukar: A duwatsun yashi na Enedi an fi ganin sawunsa, layi biyu jere da ƙarce-ƙarce, masana na kiransa Cruziana.

Hajiya Asabe: Kuma don Allah kar ka kankare shi da ƙusa. Yaran yanzu ba haƙuri.

Sani: Na ƙirga zobba tara, na goman ya karye.

Malam Bukar: To ajiye rula kusa da shi, ɗauki hoto daga sama da gefe, ka turo. In hanya ta kai ka Ngaundare, nuna wa malaman ilimin duwatsu na jami'a, su ne za su iya faɗa maka sunan irin.